Ƙarshen zamanin dalma: Ina makomar tsofaffin bindigogin farauta na Ingila?

A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa za ta haramta sayarwa da amfani da harsashin dalma a Ingila da Sikotland da Wales, tare da ba da wa'adin shekara uku wanda ake sa ran zai cika a 2029. Hanin bai shafi sojoji da 'yan sanda ba. Maharban tsuntsaye na cikin waɗanda zai taɓa, kuma a cikinsu akwai rukunin da sanarwar ta fi hana wa barci, wato masu riƙe da bindigogin da aka ƙera tun zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda har yau ake fita daji da su duk kaka.

Mai tara tsofaffin kuɗi ba ya cefane da su, mai tara takubba kuma ba ya fita yaƙi. Tsohuwar bindigar farauta ta Ingila ta sha bamban da waɗannan, domin akasarin masu sayenta harbawa suke so su yi. Saboda haka farashinta a gidan gwanjo ya rataya ne a kan tambaya guda: har yanzu ana iya harba ta lafiya, kuma akwai shaidar da ta tabbatar? A kan amsar wannan tambaya dillalai da masu gyara da 'yan gwanjo suke cin abinci fiye da shekara ɗari. Hana dalma ya sake buɗe tambayar ga dubban bindigogi a lokaci ɗaya.

Yadda aka kai ga wannan ƙira

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, maharbin Ingila bin karensa yake yi a ƙafa, yana ɗura albarushi ta baki kamar yadda ake yi wa bindigar toka, ya yi harbi ɗaya ko biyu, ya tsaya ya sake ɗuri. Abu biyu suka sauya wannan. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya sauƙaƙa wa attajiran Landan zuwa tsaunukan Yorkshire da Sikotland. Na biyu bindigar da ake karyawa a tsakiya, a zura harsashi ta baya, a mayar a rufe. Daga nan aka juya farautar: maharba su tsaya a jere, 'yan kora su ratsa daji suna kaɗa tsuntsaye, tsuntsayen su taso su bi ta saman kawunan masu jira.

Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya mallaki gandun Sandringham a 1862, ya mayar da irin wannan harbi abin yayi a tsakanin masu sarauta da masu dukiya. An kai matsayin da mutum ɗaya, Lord Ripon, ya bar lissafin tsuntsaye da namun daji 556,813 da ya harbe tsakanin 1867 da 1923, shekarar da ya faɗi ya mutu a fagen harbi. Mai irin wannan harbi ba ya wadatuwa da bindiga ɗaya. Yakan sayi biyu ko uku masu nauyi ɗaya da tsawo ɗaya, hadiminsa na tsaye a bayansa yana ɗurawa yana miƙo masa. Dalilin ke nan da ya sa har yau ake ganin tagwayen bindigogi a akwati guda, an rubuta 1 da 2 da ruwan zinariya a jikinsu, kuma tagwayen da ba a raba ba sun fi kuɗi a kan guda biyu da aka haɗa daga baya.

Bukatar sauri da rashin nauyi ita ta sa maƙera gasa. A 1863 gidan Purdey ya fito da sakatar da ke kulle bututu da jikin bindiga. A 1875 William Anson da John Deeley, na kamfanin Westley Richards da ke Birmingham, suka mayar da kayan harbi cikin jikin bindigar, aka huta da 'yan gudumomin nan biyu na waje masu kama da kunnuwa, waɗanda ake ɗanawa da babban yatsa. A cikin shekarun 1870 ɗin ne W.W. Greener ya yayata dabarar matse bakin bututu kaɗan, domin ƙwayoyin harsashi su tafi a dunƙule su yi nisa. A 1880 Frederick Beesley ya ƙirƙiro na'urar da ke sa bindiga ta buɗe kanta da an taɓa mabuɗi, ya sayar wa Purdey, kuma da ita gidan yake ƙera bindigarsa mai baki biyu a jere har yau. Shekarun da ke tsakanin 1880 da ɓarkewar yaƙin duniya na farko a 1914 su masana ke ɗauka a matsayin ganiyar sana'ar. Abin da aka ƙara a kan wannan ƙira daga baya bai taka kara ya karya ba.

Manyan gidajen Landan uku ne sunansu ya fi tsada: Boss, wanda ke danganta kafuwarsa da 1812, da Purdey na 1814, da Holland & Holland na 1835. Birmingham kuwa ita ce maƙerar talaka da mai matsakaicin hali. Ita ce ta riƙa ƙera bindigogi masu araha da aka jibge a gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, kuma daga baya unguwar maƙeranta ta wadata manoma da masu gadin gandu da ma'aikatan mulkin mallaka da bindigogin farauta marasa ado. Da yawa daga cikin bindigogin da ke ɗauke da sunan wani ɗan kanti na wani ƙaramin gari, a Birmingham aka ƙera su, aka buga sunansa kawai.

Hatimin gidan gwaji

A Birtaniya laifi ne a sayar da bindigar da ba ta ɗauke da ingantaccen hatimin gwaji. Gidaje biyu ke da ikon buga wannan hatimi. Na Landan yana hannun ƙungiyar maƙeran bindiga da ta samu takardar izini daga sarki a 1637. Na Birmingham majalisa ce ta kafa shi da doka a 1813, kuma yana nan a titin Banbury inda aka gina shi. Dokar da suke aiki da ita ta samo asali ne daga 1868, an yi mata gyare-gyare daga baya. Tun 1980 Birtaniya ta shiga yarjejeniyar ƙasashen da ke amincewa da hatimin juna, waɗanda yawansu ya kai 14.

Aikin gidan gwaji ba shi da wuyar fahimta. Ana duba bututu, a auna faɗinsa, a ɗaure shi a ɗaki mai kauri, a harba harsashin da ƙarfinsa ya zarce na yau da kullum. In ya jure, a buga hatimi a ƙarƙashinsa, wurin da ba a gani sai an kwance bindigar. In ya fashe ko ya kumbura, asarar ta mai kaya ce. Waɗannan 'yan alamomi, kambi da haruffa da lambobi, su ne takardar haihuwar bindiga. Wanda ya iya karatunsu zai gaya maka garin da aka gwada ta, da zamanin, da faɗin bututunta a ranar, da tsawon harsashin da aka yi ta dominsa, da kuma ko baƙin albarushi kaɗai aka gwada ta da shi ko da na zamani marar hayaƙi, wanda ya fi ƙarfi.

Hatimin ba na har abada ba ne. Bindigar da aka fi yawan amfani da ita ita ce mai lamba 12, kuma faɗin cikin bututunta kimanin milimita 18.5 ne. In tsatsa ko gugar masu gyara ta ƙara faɗin nan fiye da ɗan abin da doka ta yarda, wanda bai wuce rubu'in milimita ba, hatimin ya faɗi. Daga ranar ba a sayar da ita sai an mayar da ita gidan gwaji ta sake cin jarrabawa.

Abin da mai saye ke dubawa

Baƙo a wannan kasuwa zanen furanni da ke jikin ƙarfe yake fara kallo, da kyan itacen ƙota. Gwani kuwa bututu yake fara cirewa. Yakan rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa: in ya yi ƙara kamar ƙararrawa, dalmar da ta manne bututun biyu da ƙarfen tsakiyarsu tana nan daram. In ya yi sautin tulu mai tsaga, ruwa ya shiga wani wuri, kuma tsatsa na cin ƙarfe a inda ido ba ya gani. Sannan ya ɗaga shi ga haske ya leƙa ciki yana neman ramukan tsatsa da lotsawa da kumburi.

Bayan ido sai ma'auni. Ana zura wata na'ura a auna kaurin bangon bututu daga gindi zuwa baki. Dillalan Birtaniya sun yi ittifaki a kan cewa wuri mafi siranta kada ya gaza kashi 20 cikin dubu na inci, wato kimanin rabin milimita, abin da bai kai kaurin katin cirar kuɗi na banki ba. Wannan ɗan siririn ƙarfe shi ke tsakanin wutar albarushi da yatsun hannun hagu na maharbi. Shi ya sa manyan gidajen gwanjo ke buga waɗannan lambobi a kundin kayansu, kusa da sunan maƙeri. Bindigogi biyu na gida ɗaya da shekara ɗaya na iya bambanta da dubban fam a farashi saboda bambancin kaurin da bai kai na takarda biyu ba.

Sai mazaunin harsashi. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne domin harsashi mai tsawon milimita 65, alhali wanda ya cika kantuna yau mai milimita 70 ne. Dogon yana shiga gajeren mazauni ba tare da gardama ba, domin a naɗe bakinsa yake kafin a harba, kuma a nan haɗarin yake. Sai a duba ko jikin bindiga da bututu suna haɗuwa ƙam ko sun fara girgiɗi, a duba wuyan ƙota ko akwai tsaga, a auna tsawonta. Bindigar da aka yi wa gajeren mutum a 1895 ba za ta zauna a kafaɗar dogo ba, kuma sabuwar ƙota ta itacen walnat mai kyau na cin dubban fam.

Akwai kuma bututun da ake kira na Dimashƙu, wanda ake yi ta hanyar murɗa sandunan ƙarfe iri biyu, a naɗe su a jikin sanda, a yi ta duka da wuta har su zama abu ɗaya. In an wanke shi da sinadari sai zane ya fito kamar na tabarma. Da yawa daga birnin Liège na Beljiyam aka riƙa kawo su, kuma sana'ar ta mutu a farkon ƙarni na 20 bayan da zubin ƙarfe irin na Sir Joseph Whitworth ya karɓe kasuwa. An daɗe, musamman a Amurka, ana yi wa irin wannan bututu kallon kyan ɗan maciji. A Birtaniya hukuncin na gidan gwaji ne: da yawansu sun ci jarrabawar albarushin zamani, kuma ana harba su.

Gyara da ɓarna

Babu bindigar da za ta yi shekara 120 tana aiki ba ta ga mai gyara ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne iyakar gyaran. Akwai wanda kowa ya yarda da shi: sauya sandar da bututu ke juyawa a kai domin a kashe girgiɗi, sake manne ƙarfen tsakiya, tayar da lotsawa, sauya abin da ya karye a ciki, da shafa wa ƙota mai ana murzawa da tafin hannu makonni. Wannan kiwo ne, kamar yadda ake yaɓe ga ginin ƙasa kafin damina.

Akwai kuma gyaran da garin neman gira ake rasa ido. Wanda ya goge cikin bututu domin ya ɓatar da ramukan tsatsa ya samu sheƙi, amma ya rage kauri, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Wanda ya bi jikin bindiga da injin gogewa ya dusashe zanen da wani gwani ya yi makonni yana sarawa da hannu. Wanda ya mayar da ƙarfen wuta domin launukan asali su dawo na iya jawo ya karkace. Masu tara bindiga sun fi daraja launin asali da ya koɗe saura kaɗan a kan sabon launi mai ƙyalli, domin na farko ba a iya sayensa a wurin kowa.

In bututu ya mutu gaba ɗaya, hanya biyu ta rage. Ko a koma gidan da ya ƙera ta ya yi sabo, abin da sau da yawa kuɗinsa ya fi na bindigar kanta, ko a yi dashe. Dashe shi ne a yanke tsohon bututu a bar ɗan gindinsa kamar inci uku, a zura sababbi a ciki a haɗe. Tun wajen shekarun 1950 ake wannan aiki, kuma gwani na iya ɓoye mahaɗin har ido ya kasa gani. Amma tilas bindigar ta koma gidan gwaji, kuma a can ake buga mata alamar cewa dashe ne. Bindigar ta dawo aiki, farashinta kuma ya sauka, kuma wanda zai saye ta bayan shekara hamsin zai san gaskiyar abin da ya saya. Wannan alama guda ta hana maguɗi fiye da duk rantsuwar da dillali zai yi.

Kasuwa mai hawa biyu

Sabuwar Purdey a yau ta haura fam 100,000, kuma mai oda kan jira shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Gidajen kansu sun daɗe da barin hannun iyalan da suka kafa su: kamfanin kayan ƙawa na Richemont ya sayi Purdey a 1994, Beretta ta Italiya kuma ta karɓi Holland & Holland daga hannun Chanel a 2021. Tsohuwar bindiga ta waɗannan gidaje, mai irin wannan ƙira da irin wannan aikin hannu, ana samunta a gwanjo da ɗan kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. Abin da ke jan mutane cikin harkar ke nan: da tsohuwar zuma ake magani, ga kuma rangwame.

Cinikin ya fi gudana a gidajen gwanjo irin su Holts, wanda ke da mazauni a Wolferton cikin gandun Sandringham, da Gavin Gardiner, da Bonhams. Mai saye kan biya la'adar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma, kuma ba a miƙa masa kaya sai ya nuna lasisi. Yanzu ta intanet ake yawan tayi, kuma kaso mai tsoka na kyawawan bindigogin Ingila Amurka suke tafiya.

Bayan suna da lafiyar ƙarfe, abu na uku da ke ɗaga farashi shi ne asali. Manyan gidajen sun adana littattafan odarsu tun ƙarni na 19. Mai bindiga na iya aika lambarta a duba masa ranar da aka gama ta, da sunan wanda ya yi oda, da nauyinta, da tsawon bututunta. In littafi ya ce inci 30 ne, ma'auni ya nuna 28, an san wani ya yanke. In kuma littafi ya nuna sunan wani sananne, farashi ya tashi. A Amurka, bindigar kamfanin A.H. Fox da tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya tafi da ita farautar Gabashin Afirka a 1909 an sayar da ita dala 862,500 a gwanjo a 2010. Ƙarfe da itacen da ke jikinta ba su kai ko kusa da haka ba. Takardun da suka bi ta ne suka kai.

A hawa na ƙasa labarin daban ne. Bindigar Birmingham marar ado, lafiyayya, wadda za ta ƙara shekara hamsin tana aiki, sau da yawa ba ta kai fam 200 a gwanjo. Tun shekarun 1960 kwaikwayon da kamfanin AyA na Sifaniya ke yi ya karya kasuwar sababbinta, sannan maharban zamani suka koma ga mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, irin na Browning da Beretta da Miroku. Ga kuma tsaurin lasisi. A Ingila da Wales kusan mutum rabin miliyan ke da lasisin bindigar farauta, suna riƙe da bindigogi fiye da miliyan 1.3. Bayan kisan mutum biyar da wani mai lasisi ya yi a Plymouth a watan Agustan 2021 an ƙara tsananta bincike, kuma a watan Fabrairun 2025 kuɗin sabon lasisi ya tashi daga fam 79.50 zuwa fam 194. Tsofaffi na mutuwa suna barin bindigogi, magada kuma ba duka ke son wahalar ba.

Laifin dalma

Harsashin farauta ɗaya mai nauyin giram 28 na ɗauke da ƙwayoyin dalma kimanin 270. Kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su zube a gona da fadama. Agwagwa da dinya da makwarwa kan tsince su a zaton tsakuwar da suke haɗiya domin niƙa abinci, ƙundu ya niƙe dalmar, guba ta shiga jini. Gaggafa da shaho su ci mushen su ma su kamu. Masana a Birtaniya sun ƙiyasta cewa tsuntsayen ruwa tsakanin 50,000 da 100,000 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya. Ɓarɓashin dalma kuma na maƙalewa a naman da ake kai wa kasuwa. Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan guba, tunda a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara.

Ba yau aka fara taƙaita ta ba. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Denmark ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996, Ingila ta hana su a kan tsuntsayen ruwa a 1999, Tarayyar Turai kuma ta hana su a fadamu daga Fabrairun 2023. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyoyin maharba da masu gandu guda tara na Birtaniya suka yi alkawarin daina amfani da dalma don kansu cikin shekara biyar. Masu bincike na Jami'ar Cambridge suka riƙa sayen fezant, tsuntsun nan mai doguwar wutsiya da aka fi harbi a ƙasar, daga kasuwanni suna ciro ƙwayoyin da ke jikinsa. Shekara bayan shekara, fiye da tara cikin goma dalma ce. Da lallashi ya gaza, sai doka ta shigo.

Abin da zai maye gurbin dalma ga yawancin mutane shi ne ƙwayar ƙarfe, domin ita ce mai araha. Ga sabuwar bindiga wannan ba matsala ba ce. Ga tsohuwa kuwa matsala uku ce. Dalma tana da taushi, in ta iso matsin bakin bututu sai ta lotsa ta wuce, ƙarfe kuwa ba ya lotsawa, yana iya kumbura siririn bango. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ana buƙatar manyan ƙwayoyi da kwanso mai kauri da zai raba su da jikin bututu, ga shi gajeren harsashi mai milimita 65 ba shi da wadataccen wuri. Na uku, masana ba sa ba da shawarar a harba ƙarfe a bututun Dimashƙu ko kaɗan.

Zaɓin da ya rage

Mai tsohuwar bindiga na da hanya uku, kowacce da kuɗinta. Yana iya kai ta wurin maƙeri a buɗe matsin bakin ya koma rabi ko ƙasa da haka, a tsawaita mazaunin harsashi zuwa milimita 70, a mayar da ita gidan gwaji. In ta ci, ta samu sabuwar rayuwa, amma ta daina zama yadda maƙerinta ya bar ta. In ta faɗi, shi ke nan. Yana iya barinta yadda take ya koma ga harsashin bismat, wani ƙarfe mai taushi da bai cutar da tsohon bututu, sai dai kuɗinsa ya ninka na dalma sau da yawa. Wannan ya dace da mai harbi goma ko ashirin a yini, bai dace da mai harba ɗaruruwa ba. Ko kuma ya jira kamfanonin harsashi. Wasu, irin su Eley Hawk, sun riga sun fito da gajeren harsashin ƙarfe mai sauƙin ƙarfi domin tsofaffin bindigogi masu lafiyar bututu.

Lissafin shi ke raba kasuwar. Wanda ke da Boss ko Purdey ba zai ji ciwon kuɗin gyara ko na bismat ba, domin abin da yake karewa ya fi abin da zai kashe. Amma ba mai kashe fam ɗari biyar a kan bindigar fam ɗari. Saboda haka waɗanda za su fara ɓacewa su ne bindigogin manoma da masu gadi, waɗanda ba su da suna, ba su da littafin oda, sai aikin hannun maƙeran Birmingham da ba a rubuta sunayensu ba. Wasu za a toshe su a rataye a bango, wasu a miƙa wa 'yan sanda a narke. Tare da su aikin masu gyara zai ragu, kuma sana'ar sassaƙa ƙota da ta haɗa bututu ba a koyonta daga littafi, sai an yi shekaru a gaban gwani.

Idan irinta na gidanku

Wasu daga cikin waɗannan bindigogi sun iso Najeriya a zamanin mulkin mallaka da bayansa, kuma akwai gidajen da har yau ake da mai baki biyu ta marigayi a ƙarƙashin gado ko bayan kabad. Kafin magaji ya fara lissafin fam, akwai abu biyu da ya kamata ya sani.

Na farko doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na amfanin kai, ciki har da bindigar farauta ta gama-gari, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da kuma na ɗuri ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga rabon gado. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai hukuncin ɗauri. Hanyar da doka ta tanada ita ce a sanar da 'yan sanda a ajiye ta a rumbun makamai na hukuma, a karɓi takarda.

Na biyu lafiya. Najeriya ba ta cikin ƙasashen yarjejeniyar gwaji, kuma bindigar da ta yi shekara sittin a ɗaki mai laima, ko wadda wani ya taɓa yi wa walda, hatimin Birmingham da ke jikinta labarin jiya yake bayarwa. Zura mata harsashin zamani domin a gwada ko tana aiki caca ce da yatsu da ido.

Abin da ya riƙe darajar waɗannan bindigogi a ƙasarsu ta asali ba ƙarfe kaɗai ba ne. Ofisoshi ne da suka yi ƙarni biyu suna aunawa suna rubutawa, da littattafan da ba a bari gara ta ci ba, da hatimin da ba a bugawa don alfarma. Su ne kuma za su yanke hukunci a kan kowace bindiga ɗaya bayan ɗaya kafin 2029. Waɗanda suka tsallake za su fita ranar 12 ga Agusta, ranar buɗe kakar harbi, da ƙarfe ko bismat a cikinsu. Suna kawai dalma za ta bari: ana ce wa bindiga mai lamba 12 ne saboda ƙwallayen dalma 12 masu faɗin bututunta su ke cika nauyin laba ɗaya.